Tsinken Naman Sa a Misfala

Ina cikin shekarata ta huɗu a Makka abin ya faru. Na baro Kano ana gab da samun mulkin kai, na ratsa Chadi da Sudan, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa, har na tsallake teku. Da na sauke farali ban koma gida ba. Ba ni da takardar zama, ba ni da kowa sai matata da na aura a hanya, amma ina da sana'ar gidanmu a hannu, don mu mahauta ne tun kaka da kakanni. Sai na gina tukuba a wani lungu na Misfala na kama tsire. Larabawan wurin suna ce masa siriya, kuma suna sonsa fiye da yadda na zata.

Jikin tukubata akwai shagon wani tsohon tela, mutumin Indiya. Siriri ne, da farin gemu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya fi shekara talatin a garin. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensu, don haka a gurguwar Larabci muke haɗuwa, tasa ta karye ta wani gefe, tawa ta karye ta wani. Ina ce masa Ammi, wato baffana. Shi kuma yana ce mini waladi, wato ɗana.

Hayaƙina yana shiga shagonsa ya kama yadin mutane, amma bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai ya saki labule a gefen da iska ke kaɗowa. Wata rana askarawa suka shigo lungun suna duba takardu, na rasa inda zan sa kaina. Tsohon nan ya jawo ni ciki, ya zaunar da ni bayan tarin yadi, ya koma kan kekensa yana ta takawa kamar ba abin da ya faru, har suka wuce. Da matata ta haihu, shi ya tattara ƙyallayen da suka rage a shago ya ɗinka wa jaririyar 'yan riguna har guda biyar, ya kawo da kansa ranar suna, ya zauna cikin Hausawa yana murmushi ba ya fahimtar ko kalma ɗaya.

Kullum bayan la'asar yakan fito ya karɓi tsinke biyu. Kuma kullum sai ya tambaya.

"Ganam?" Wato na rago ne?

"Ganam, Ammi."

Yana cin na rago, yana cin na akuya, har na raƙumi yana ci. Tun farkon zamanmu ya gaya mini naman sa ne kawai ba ya so. Ban tambaye shi dalili ba. Na ɗauka ciwo ne, don a gida ma na san masu cewa naman sa yana tayar musu da basir. Ga shi kuma shanu ba su cika zuwa hannunmu ba sai lokacin aikin Hajji, idan aka sauke su daga jiragen ruwa a Jidda.

A bencin da ke gaban tukubata 'yan uwanmu Hausawa suke taruwa in rana ta yi sanyi. A cikinsu akwai wani Basakkwace mai sayar da ruwa, wanda ke yawo da garwa biyu a sanda yana shiga gidajen alhazai. Mutum ne mai baki, in ya fara labari har masu wucewa sai sun tsaya. Shi ne ya zo mana da maganar. Ya ce ya kai ruwa wani gida da alhazan Indiya suka sauka, a can ya ji cewa telan nan ba a Musulunci aka haife shi ba. Iyayensa masu addinin Hindu ne, da girmansa ya musulunta.

"Kun san mi suka yi wa saniya can?" in ji shi. "Wallahi durƙusa mata suke. Ta shigo kasuwa ta ci kayan mutum, shi kau ya tsaya yana yi mata godiya. Shi ya sa mutumin naka ba ya taɓa naman sa. Shekara talatin yana ɗawafi, zuciyarsa tana wurin nagge."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai ni ne ɗansa, a tambaye ni. Wani ya ce ko ni ma ya fara koya mini gaishe da shanu. Suka yi ta ja na.

Na daɗe ina ba kaina labarin cewa su suka tunzura ni. Ba haka ba ne. Babu wanda ya ce in yi komai. Ni ne na buɗe baki na ce, "To ai sai mu gwada shi."

Sati biyu da saukowa daga Arfa ne, naman sa ya yi yawa a gari. Na zaɓi wurin da ya fi taushi a jikin cinya. Na san kitse ne ke tona asirin nama, don haka na yanke kitsen sa ɗin tas, na yi wa tsokar yankan siriri, na tsarga kitsen rago a tsakani. Na mulke shi da ƙuli sosai, na ƙara citta da kanumfari. Ba cikin fushi ko gaggawa na yi ba. Na zauna na yi amfani da duk abin da mahaifina ya koya mini don in yaudari mutumin da ya ɓoye ni a shagonsa. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake sunkuyar da kai ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Bayan la'asar benci ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga. Tsohon ya fito yana kakkaɓe zare daga rigarsa, ya yi wa jama'a sallama, suka amsa da ƙarfi har ya ɗan tsaya yana kallonsu. Ya miƙo hannu.

"Ganam?"

"Ganam, Ammi."

Ya zauna a kan 'yar kujerarsa a bakin shago, ya yi bisimilla. Ya cinye tsinken farko. Ya ɗago ya ce mini na yau ya yi daɗi, Allah ya yi wa hannuna albarka. Yana tsakiyar na biyu Basakkwacen ya kasa daurewa, ya fashe da dariya, ya ce da Larabci, "Ya Hajji, bagar! Bagar ka ci!" Wato naman sa. Ya ɗora yatsu biyu a kansa kamar ƙaho, ya yi kukan sa.

Tsohon bai kalle shi ba. Ni ya kalla. Akwai loma a bakinsa. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, na ga ya rufe ido ya haɗiye ta da ƙyar. Sannan ya ce alhamdu lillahi, kamar yadda yake faɗa kullum in ya gama cin abinci. Ya ajiye ragowar tsinken a kan takarda a gefen tukuba, a hankali, don kada ya faɗi ƙasa.

"Sahih, waladi?" ya tambaye ni. Gaskiya ne?

Na so in ce wasa ne. Na so in yi dariya tare da sauran. Na gyaɗa kai kawai.

Ya tashi ya zaga bayan shago. Muna jin kakarin amansa daga inda muke. Dariyar ta fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya mutane suka tuna suna da wurin zuwa. Basakkwacen ya ɗauki garwarsa yana cewa, "Kun gani ko? Ba ga shi ba," amma ba wanda ya tanka masa. Tsohon ya dawo ya wanke fuska da ruwan buta, ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo tun rana ba ta faɗi ba, ya tafi.

Da na koma gida na ba matata labari, ina ƙoƙarin mayar da shi abin dariya. Tana tankaɗe gari, ta ajiye rariyar.

"Malam, kai ka yi wannan?"

Na ce ai naman sa halal ne, ba guba na ba shi ba. Na ce in Musulmi ne na gaske me zai hana shi ci.

Ta ce, "Ranar da maƙwabcinmu ya kawo mana jatan lande daga Jidda, wa ya wuni yana tofar da yawu yana cewa ƙwari aka ba shi? Ai shi ma halal ne. Wa ya ce ka fita daga Musulunci?" Ta nuna 'yarmu da ke rarrafe a tabarma. "Dubi rigar da ke jikinta. Ka cire mata tukuna, sannan ka ci gaba da ba ni labarin."



Kwana uku shagon yana rufe. Ina hura wuta ina kallon kwaɗon. Masu karɓar ɗinki suna zuwa suna tambayata ko lafiya, ina cewa ban sani ba. Rana ta huɗu da hantsi na tambayi wani Ba'indiye mai sayar da turare inda tsohon yake kwana, ya kwatanta mini wani gidan wakafi da ke kan tudu, inda tsofaffin da ba su da iyali suke zama.

Ɗaki ne ƙarami, da tabarma, da akwatin ƙarfe, da Alƙur'ani a kan 'yar mariƙiya ta katako. Na same shi a zaune yana jan carbi. Ya rame a kwana ukun nan. Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya ce in shigo. Ya kunna risho ya dafa shayi da madara irin nasu, ya zuba mini, ni da na zo ba shi haƙuri.

Ya ce, "An gaya maka ina bauta wa saniya."

Ya turo kofin gabana.

"Ka sha shayinka. Zan gaya maka, don ba ka tambaya ba."

Ya yi maganar a hankali, yana neman kalmomi, wani wuri sai ya kwatanta da hannu. Ya ce a wani ƙauye aka haife shi, nesa da teku. Da aka haife shi mahaifiyarsa ta yi ciwo mai tsanani, nononta ya ƙafe. Suna da saniya guda ɗaya, fara, mai karyayyen ƙaho. Da madararta aka raine shi, ana ɗiga masa da tsumma, ɗan maraƙinta yana tsotson gefe ɗaya ana tatsar masa ɗaya gefen. Da ya yi wayo, mahaifiyarsa takan kama hannunsa ta ɗora a goshin saniyar ta ce, ga uwarka ta biyu, ka gaishe ta.

Ya ce a gidansu gurasar farko da ta sauka daga wuta ba ta maigida ba ce, ta saniya ce. Shi ake aika ya kai mata, ta lashe masa tafin hannu. Da kashinta ake shafe daɓen ɗaki, da shi ake girki in ya bushe. Da man da aka kaɗa daga madararta ake kunna fitilar ibada. 'Ya'yanta maza su ke jan garma. Akwai ranar da ake yi musu wanka a shekara, a shafa wa ƙahoninsu launi, a rataya musu furanni, a hutar da su daga aiki. In saniya ta tsufa ta daina ba da madara ba a kai ta kasuwa, sai a ci gaba da ciyar da ita har ta mutu da kanta.

Na tambaye shi, muryata ƙasa-ƙasa, ko suna cewa ita ta halicce su.

Ya girgiza kai. Ya ce bai taɓa jin mahaifiyarsa ta faɗi haka ba. Suna cewa abubuwan da suke bauta wa suna zaune a jikinta, kowane a gaɓarsa, kuma ɗaya daga cikinsu ma makiyayi ne mai busa sarewa. Suna cewa ita kamar ƙasa ce, tana bayarwa ba ta tambaya, don haka zubar da jininta babban zunubi ne, daidai da mutum ya ɗaga wa uwarsa hannu. Ya ce har sun yi imani akwai wani kogi da mamaci zai tsallake, kuma wutsiyar saniya zai riƙe ta haye da shi.

"Wannan duk na bar shi," in ji shi. "Ina da shekara ashirin na tafi birni koyon ɗinki a wurin wani Musulmi. Na ga sallarsa, na ga gaskiyarsa, na yi shahada. Ba wanda ya tilasta mini. Saniya dabba ce, Allah ya halicce ta, ya halatta namanta. Na sani, na yarda. In ka yanka sa a gabana zan ce maka Allah ya karɓa."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

Ya ce da labarin musuluntarsa ya isa ƙauye, mahaifinsa ya ce ba shi da ɗa, ya hana a ambaci sunansa a gidan. Bayan shekara shida ƙanwarsa ta aiko masa a ɓoye cewa tsohuwa tana gargara. Ya yi kwana biyu a jirgin ƙasa. Da ya isa ba a bar shi ya shiga ba. A bayan danga ya tsaya yana leƙe. An fito da ita tsakar gida an kwantar a ƙasa, an jawo saniya, jikar waccan farar, an sa mata wutsiyar a hannu. Hannun ya yi rauni, yana zamewa, ƙanwarsa tana mayarwa. Ya ce yana tsaye a wurin, ya san wutsiyar nan ba za ta haye da kowa ko'ina ba, kuma ba shi da ikon ya isa ya riƙe hannun da kansa.

"Ganina na ƙarshe da ita ke nan. Da na dawo birni na gwada cin naman, don in nuna wa kaina na gama da wancan. Sau biyu na gwada. Ya ƙi zama. Zuciyata ta musulunta, waladi. Cikina ne ya ƙi, shi da madarar saniya aka gina shi."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ƙato da ni, mahauci, ina sharɓe a kan tabarmar tsoho. Na tuna tawa mahaifiyar da na baro a Kano, wadda ban aika wa ko wasiƙa ba tun da na zo. Na ce ya yafe mini. Na faɗa da Larabci, na ga bai isa ba, na sake faɗa da Hausa.

Ya ce, "Naman bai dame ni kamar yadda kake zato ba. Ya fita, an gama. Abin da ya kwantar da ni shi ne na tambaye ka, ka ce ganam." Ya ce shekara talatin ke nan duk inda ya zauna sai an sami wanda zai tuna masa inda ya fito. Mutanen ƙasarsu ma da aka haifa a Musulunci, wasu ba sa son ba shi 'yarsu, shi ya sa bai yi aure ba. Ya ce ya ɗauka a wurinmu baƙaƙen fata, da mu ma ake yi wa kallon baƙi, ya sami inda ba za a auna imaninsa ba.

Sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira, ya ce in shanye shayin kada ya huce.

Washegari ya buɗe shago. Na faɗa wa mutanen benci abin da zan iya faɗa, ban da maganar mahaifiyarsa, don wannan ba tawa ba ce da zan baza. Wasu suka je suka gaishe shi. Basakkwacen bai je ba, ya ce shi bai ga laifinsa ba, kuma ban iya yi masa faɗa ba tunda ba shi ya tsarga naman ba. A hankali ya sauya wurin hira.

Ni da tsohon muka ci gaba da gaisawa. Yana tambayar 'yata, ranar Sallah ya ɗinka mata riga. Amma bai sake karɓar nama daga hannuna ba. Sau ɗaya na yanka rago a gabansa, na gasa, na kai masa. Ya yi godiya, ya yi mini addu'a, ya ce haƙoransa sun daina iya nama. Na san ba haƙora ba ne, don na sha ganinsa yana tauna busasshen dabino. Na ɗauki tsinkena na koma.

Bayan kamar shekara biyu aka rushe layinmu, za a faɗaɗa hanya. Na koma Nakkasa da iyalina na gina wata tukubar a kan dutse, shi kuma na ji idonsa ya yi rauni ya bar ɗinki. Kullum ina cewa zan hau tudun nan in duba shi, kullum sai wani abu ya tare ni. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Wata Juma'a cikin azumi na hango shi a Harami. Ƙafa ta ƙi, an ɗora shi a kan makarar katako irin wadda ake yi wa tsofaffi ɗawafi da ita, ƙarti huɗu suna ɗauke da shi a ka. Na kutsa cikin jama'a na roƙi ɗaya daga cikinsu, wani Babarbare, ya ba ni gefensa. Na ɗauka zagaye uku. Da muka sauke shi na durƙusa na yi masa sallama. Ya lalubo fuskata da hannu, ya shafa gemuna, ya ce, "Mai siriya ne? Kana warin hayaƙi." Ya yi dariya har da tari. Ya tambayi yarinya, na ce ta fara zuwa makarantar allo. Ya ce in kawo ta ya ji karatunta.

Ban kai ta ba. Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki na haɗu da mai turaren nan a kasuwa, ya ce ai tsoho ya rasu tun cikin goman ƙarshe, an yi masa salla a Harami bayan la'asar. Na tambaye shi wace rana, ya faɗa mini. Na lissafa, ranar ina cikin masallacin. Na ji an yi kiran sallar gawa, na tashi na bi sahu na yi kabbara huɗu tare da jama'a, ban san ko wane ne ba.